Yadda ake shirya wa tattaunawar share fage ta neman gurbin digiri na uku a fannin Fiziks

A jami'o'i da dama na Amurka da Birtaniya, kafin a yanke hukunci kan takardun mai neman gurbin digiri na biyu ko na uku a fannin Fiziks, wani farfesa kan gayyace shi gajeriyar tattaunawa ta bidiyo, galibi ta manhajar Zoom. Duk da cewa akan ce hira ce ta sanin juna kawai, abin da ɗalibi ya faɗa a cikinta kan isa kunnen kwamitin tantancewa, ya kuma yi tasiri kan gurbin da tallafin kuɗin da ke tare da shi.

A Amurka, yawancin sassan Fiziks kan rufe karɓar takardu a watan Disamba, tattaunawar kuma takan biyo baya a Janairu ko Fabrairu. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, shiri kan fara ne tun ranar da aka tura takardu.

Abu na farko da akan tambaya shi ne binciken da ɗalibi ya yi don kammala digirinsa na farko. Ana so ya bayyana shi cikin minti biyu ko uku: wace tambaya ya nemi amsawa, wace hanya ya bi, me ya samu, kuma ina aikin ya gaza.

Na biyu shi ne sanin aikin farfesan. Shafin arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991, yana ɗauke da maƙalun masana Fiziks kyauta. Karanta gabatarwa da kammalawar maƙala biyu daga cikin na baya-bayan nan ya isa ɗalibi ya yi tambaya mai ma'ana.

Haka kuma, tambaya na iya fitowa daga ginshiƙan fannin guda huɗu: dokokin motsi, lantarki da maganaɗisu, kimiyyar kwantum, da kimiyyar zafi. Idan ɗalibi bai san amsa ba, ya fi masa ya faɗi haka, sannan ya bayyana yadda zai tunkari matsalar, domin salon tunaninsa ake aunawa, ba hadda ba.

Shi ma yana da damar tambaya: daga ina tallafin zai fito, koyarwa ko bincike, kuma shekara nawa ɗalibai kan ɗauka kafin su kammala.

Ga mai amsawa daga Nijeriya, a lura cewa a watan Janairu agogon ƙasar na gaban na birnin New York da sa'a shida. Ya dace a tanadi wutar lantarki da layin intanet na ko-ta-kwana, sannan a aika gajeren saƙon godiya bayan an kammala.