Karatun ganye a lambunan Sokode da Dapaong

Fataken goro da ke bi ta Didawure, tsohon zangon Sokode a ƙasar Togo, a hanyarsu ta Kano zuwa Gwanja, sun riga Jamusawan da suka kafa bariki a garin a 1898. Jikokin fataken na cikin masu sayen lalo da alayyahu da gboma, ganyen wata irin gauta, daga lambunan bakin rafin Kpondjo. Wajen tsofaffin masu lambun nan na ga ana duba ganye kamar mai karatun allo.

Tsoho ba ya tsayawa a saman ganye, sai ya juya bayansa. In ya ji danƙo a yatsa, ga tururuwa na hawa da sauka, ya san darɓa ce, sai a barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. In gboma ta yi ɗigo-ɗigon fari da siririyar yana lokacin hunturu, jan gizo ne. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne alayyahun da ke yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take. Nan tsoho zai tuge guda ya duba saiwa. In ta yi ƙulu-ƙulu, ciwon a ƙasa yake, kuma komai feshi ba zai kai gare shi ba. Sai a sauya kwami, a shuka albasa.

Noman auduga ne ya sauya lissafi. Bayan kafa kamfanin SOTOCO a 1974, maganin feshi ya wadata a ƙauyukan arewa, har yankin Dapaong, inda Moba da Gurmawa ke noman rani a bakin madatsar Tantigou. Ragowar maganin auduga ta bi kasuwa ta shiga lambu. Yara suka taso da kwalba ɗaya ta kowace cuta, har ƙaramar tsutsar da ke ɓula kabeji ta saba da gubar, ta daina mutuwa. Ganyen da za a yanka jibi kuma a fesa shi yau, wannan kam ganganci ne.

Malaman gona na ICAT, hukumar da aka kafa a 1997, suna koyar da jiƙa dakakken ƙwallon darbejiya a tace a fesa. Amma tambayarsu ta farko ita ce, me ka gani a bayan ganyen? Matasa da yawa hoton saman ganyen suke nunawa a waya.