Lauterbrunnen

Lauterbrunnen ƙauye ne kuma ƙaramar hukuma a jihar Bern ta ƙasar Suwizalan. Yana cikin wani kwari mai zurfi a tsaunukan Alps, kudu da garin Interlaken, kimanin mita 800 sama da teku. Ƙauyukan Wengen, Mürren, Gimmelwald, Stechelberg da Isenfluh duk suna ƙarƙashinsa, kuma mazauna yankin Jamusanci suke yi. An san kwarin da magangarun ruwa 72 da ke zubowa daga saman duwatsu, abin da ya sa masu yawon buɗe ido ke tururuwa can daga watan Afrilu zuwa Oktoba.

Yanayin ƙasa

Ƙanƙara ce ta haƙa kwarin a zamanin da, shi ya sa ƙasansa ke shimfiɗe, gefensa biyu kuma duwatsu ne a tsaye kamar katanga, tsayinsu ɗaruruwan mitoci. Kogin Weisse Lütschine ya ratsa tsakiyarsa. Ta kudu maso gabas akwai tsaunuka uku da suka fi suna: Eiger mai tsayin mita 3,967, da Mönch da ya haura mita 4,100, da Jungfrau mai mita 4,158. A kan waɗannan tsaunuka dusar ƙanƙara takan taru shekara da shekaru har ta daskare ta zama tulin ƙanƙara mai gangarowa a hankali, wanda ake kira kogin ƙanƙara. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta saka yankin Jungfrau da Aletsch cikin wuraren gado na duniya.

Magangarun ruwa

Wadda aka fi ɗauka a hoto ita ce Staubbach, da ke bayan gidajen ƙauyen. Ruwanta yana faɗowa daga kusan mita 300, kuma kafin ya kai ƙasa iska ta watsa shi ya zama feshi. Daga nan sunan ya samo asali, domin ma'anarsa rafin ƙura. Akwai ƴar hanya da aka sassaƙa a jikin dutsen wadda ke kai mutum bayan ruwan, amma a watannin ɗumi kaɗai ake buɗe ta.

Trümmelbach kuwa daban take. Magangaru goma ne a jere, galibinsu a cikin dutse, inda ruwan narkewar ƙanƙarar Eiger, Mönch da Jungfrau ya huda wa kansa hanya. A lokacin cikarsa yakan kai lita 20,000 a daƙiƙa guda, ɗauke da yashi da tsakuwa masu ci gaba da cin dutsen. Ana shiga ne da na'urar hawa da ke cikin dutsen, sannan a bi matakala da ramuka masu fitilu. Ƙarar ruwan ta isa ta hana mutum jin maganar wanda ke kusa da shi, ga sanyi ko da ana zafi a waje.

Lokutan ziyara

Abin da baƙo zai gani ya danganta ga watan da ya zo, kuma nan ne da yawa kan yi kuskure. Daga Afrilu zuwa farkon Yuni, wato bazarar Turai, dusar ƙanƙarar hunturu tana narkewa, ciyawa da furanni suna fitowa a ƙasan kwari. A wannan lokaci Staubbach da ire-irenta suke cika. Sai dai hanyoyin ƙafa na saman duwatsu galibi suna rufe da dusar ƙanƙara har tsakiyar Yuni, kuma wasu masaukai da motocin igiya, wato akwatunan fasinja masu tafiya a rataye jikin waya, kan dakata domin gyara bayan kakar wasannin hunturu.

A Yuli da Agusta lamarin yakan juya. Ƙananan magangaru sukan rame idan ruwan sama ya ɗauke, ita kuwa Trümmelbach sai ta ƙara ƙarfi, tunda zafin rana ke narkar da ƙanƙarar da take sha. Hanyoyin sama sun buɗe, makiyaya sun hau da shanunsu makiyayar tudu, inda suke yin cuku har zuwa Satumba. Hanyar da ta tashi daga Männlichen zuwa Kleine Scheidegg, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, tana cikin masu sauƙi, kuma mai tafiya yana fuskantar bangon arewa na Eiger. Hadari da tsawa sukan taso da rana tsaka ko da yamma, don haka masu tafiyar ƙafa kan yi sammako. Alamar rawaya tana nuna hanya mai sauƙi, fari da ja da fari kuwa hanyar dutse ce mai buƙatar takalmi mai riƙo.

Tarihi da sufuri

An fara ambaton wurin a rubuce a shekarar 1240. Ƙarnoni da dama noma da kiwo ne sana'ar mutanensa. Marubucin Jamus Goethe ya ziyarci kwarin a 1779, ya kuma yi waƙa bayan ya ga Staubbach. An fara hawa ƙololuwar Jungfrau a 1811, ayarin masu yawon buɗe ido na farko da Thomas Cook ya shirya daga Ingila zuwa Suwizalan kuma ya bi ta nan a 1863.

Jirgin ƙasa ne ya sauya wurin. Layin dogo daga Interlaken ya iso a 1890, tafiyar kimanin minti 20 a yau. A 1893 aka buɗe layin da ke hawa Wengen da Kleine Scheidegg, sannan a 1912 aka kammala layin Jungfrau, wanda yawancinsa ke cikin ramin da aka haƙa a Eiger da Mönch. Tasharsa ta ƙarshe, Jungfraujoch, tana kan mita 3,454, kuma babu tashar jirgin ƙasa a Turai da ta kai ta bisa. Iska ba ta da kauri a can, har wasu kan ji jiri ko ciwon kai. Ba a zuwa Wengen da Mürren da mota, sai da jirgi ko motar igiya. Daga Mürren ake hawa tsaunin Schilthorn mai mita 2,970, inda aka ɗauki wani fim ɗin James Bond da ya fito a 1969.

Matsaloli

Mazauna ƙaramar hukumar ba su kai 3,000 ba, amma a ranakun zafi baƙi sukan cika babban titin ƙauyen, da yawansu hoto kawai suke ɗauka su juya. Mutanen gari suna kokawa kan cunkoson motoci, shara, da masu shiga gonakin ciyawar da ake yanka domin abincin shanu a hunturu. Masu tsalle daga kan duwatsu da laima suma suna zuwa daga ƙasashe da yawa, kuma an yi asarar rayuka da dama a wannan wasa. Ƙanƙarar da ke ciyar da Trümmelbach ita ma tana raguwa saboda ɗumamar yanayi: a shekarun 2022 da 2023 kaɗai, kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu.