DAJIN DINDIR: HURUMIN TSUNTSAYE A MAƘWABTANMU

Tun da kaka ta yi, shamuwa ta bar rufin gidajen Gadarif ta nufi kudancin Afirka, baƙin tsuntsaye kuma sun fara sauka daga Turai suna gudun sanyi. Samarin da ke shirin fita a ƙungiya domin kallonsu a Dindir, ya kamata su san tarihin wurin.

Kakanninmu sun riga dokar wannan daji zuwa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira zuwa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu suka bazu har gaɓar kogin Rahad suna noma da su. Sai a 1935 gwamnatin Turawa ta keɓe dajin da ke tsakanin Dindir da Rahad, jingine da iyakar Habasha, ta hana farauta a ciki. A 1979 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne gare mu. Garuruwan Hausa suna da hurumi, kuma Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka.

Ran Dindir yana cikin fadamun da ake kira maya, inda ruwan ambaliya ke kwanciya har tsakiyar rani. Nan ake ganin gauraka, kwasakwasa, ɗinya da babba-da-jaka, ga zabin daji garke-garke. Amma noman inji da aka soma a Gadambaliya wajen 1945, wanda da yawa cikin iyayenmu suka ci abinci da yankan dawarsa, ya yi ta faɗaɗa har ya cinye makiyaya da burtali. Makiyayi ya rasa inda zai sa kai, ya kora shanunsa cikin hurumi. Wasu fadamun sun cike da laka, raƙumin dawa ya ɓace daga dajin. A ganina, ɗora wa makiyayi laifin shi kaɗai rashin adalci ne.

Masu niyyar tafiya su jira laka ta bushe, wajen Disamba, su nemi izinin jami'an gandun daji, su kuma bincika lafiyar hanya, domin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya taɓa garin Dindir kansa.