Daga Agogo Zuwa Hoto: Tarihin Binciken Shanyewar Ɓarin Jiki

Tun a shekarar 1658 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Wepfer, ya nuna cewa shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa, ko kuwa ta toshe jini ya kasa wucewa. Amma a jikin gawa ya gano haka. Aka shekara fiye da 300 babu tabbatacciyar hanyar rarrabe su a jikin mai rai, alhali kuwa maganin toshewa guba ne ga mai zubar jini.

Sauƙi ya fara samuwa a 1971, sa'ad da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majiyyaci a Landan da na'urar siti-sikan, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Ita wannan takan nuna zubar jini nan take, sai dai ɓarnar toshewa ba ta cika fitowa ba sai bayan sa'o'i.

A 1981 masana uku, Astrup da Siesjö da Symon, suka bayyana cewa naman da jini ya yanke wa ba ya mutuwa lokaci guda. Tsakiyarsa kan mutu cikin mintoci. Kewayensa kuwa yakan daina aiki amma da sauran rai, tamkar shukar da ta yi yaushi, wadda in ruwa ya sauko da wuri sai ta farfaɗo. Saura yadda za a gan shi. A 1990 Michael Moseley ya nuna a Kalifoniya, ta gwaji a kan kyanwa, cewa hoton maganaɗisu mai bin motsin ruwa cikin nama yana fito da ɓarnar tun da wuri. In aka gwama shi da hoton gudanar jini, ratar da ke tsakaninsu ita ce abin da za a iya ceta.

Duk da haka agogo ne ya daɗe yana hukunci. Maganin narkar da gudan jini, wanda aka tabbatar a 1995, iyakarsa sa'o'i 3, kafin a 2008 a kai shi 4 da rabi. Sai a 2018 gwaje-gwaje biyu suka nuna cewa ana iya zare gudan jinin ta cikin jijiya har bayan sa'o'i 16, ko ma 24, muddin hoto ya nuna akwai sauran nama mai rai.

Wannan fa ba izinin jinkiri ba ne. Hoto yana faɗin abin da ya saura ne kawai, shi kuwa raguwa yake yi kowane minti.