Kirifto: Kumfa ce ko Kuɗi? Darasi Daga Tarihi

A watan Janairun 1720, hannun jari ɗaya na kamfanin South Sea a Landan yana kan fam 128. Kafin bazara ta wuce ya kusan kai fam 1,000. Attajirai da barori duk sun yi rububin saye, kowa da fatan gobe wani zai karɓa a hannunsa da tsada. Shekarar ba ta ƙare ba sai da farashin ya koma kusan inda ya faro, gidaje da dama suka talauce. Irin wannan ne masana tattalin arziki ke kira kumfa: farashi ya yi tashin gwauron zabi alhali babu wata riba ta zahiri da ke ɗauke da shi, sai tsammanin mai saye na gaba.

Amma ba kowace kumfa ke fashewa ta bar fili fayau ba. A shekarun 1840 mutanen Ingila sun zuba dukiya a kamfanonin jirgin ƙasa, da yawa suka yi asara, sai dai layukan dogon da aka shimfiɗa sun ci gaba da aiki. Haka aka sake gani a Amurka lokacin da kasuwar kamfanonin intanet ta rufta daga Maris na 2000: ma'aunin Nasdaq ya zubar da fiye da kashi 75 cikin ɗari na darajarsa, ɗaruruwan kamfanoni suka mutu, amma Amazon ya rayu, intanet kuma ta mamaye duniya.

To a wane sahu kirifto yake? Bitcoin ya fara aiki a Janairun 2009. A Disambar 2017 ya kusan kai dala 20,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da dala 4,000. A Nuwambar 2021 ya kai kusan dala 69,000, sannan ya sauko ƙasa da 17,000 bayan rushewar dandalin FTX a Nuwambar 2022. A Disambar 2024 ya haura dala 100,000. Hannun jarin South Sea bai sake komawa ƙololuwarsa ba, shi kuwa Bitcoin ya sha faɗuwa yana tashi. Duk da haka ba ya haihuwar riba kamar kamfani, ba ya ba da amfani kamar gona. Darajarsa ta rataya ne kacokan a kan yardar mutane.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Kakanninmu sun yi ciniki da ƙwanson da ake kwasowa daga tsibiran Maldibis, wanda ba a ci ba a sha. Yarda da wahalar samu ne suka riƙe darajarsa. Daga shekarun 1840, 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara.

Masu kare Bitcoin kan ce shi ba zai gamu da wannan ba, tunda an ƙayyade adadinsa a miliyan 21. Gaskiya ne. Sai dai babu wanda ya ƙayyade adadin sababbin kuɗaɗen kirifto da ake ƙirƙira, waɗanda yanzu sun wuce dubbai. Su ne wurin Zanzibar na wannan zamani. Luna ya narke cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022, ya tafi da biliyoyin daloli. Matasan da suka kwashe watanni suna danna waya a kan Hamster Kombat a 2024 sun ga ɗan abin da ya fito ranar rabo.

Hukuncin tarihi, saboda haka, ya kasu. Mafi yawan waɗannan kuɗaɗe kumfa ce tsantsa. Abin da ake ganin zai ɗore shi ne hanyar aika kuɗi ƙetare cikin mintuna, musamman da irin su USDT da aka ɗaure da dala, waɗanda 'yan kasuwar Najeriya suka ƙara runguma da darajar naira ta zube tun daga 2023. Wanda zai sa jarinsa ya fara tambayar kansa: in babu mai saye na gaba, me ya rage a hannuna? Masu hannun jarin jirgin ƙasa sun bar wa jama'a layin dogo, amma asarar su kaɗai suka ɗauka.