Jamhuriyar da Boganda Ya Kafa da Rabon Mutanen Kilomita Biyar

Ranar 1 ga Disamba 1958 yankin Ubangi-Shari na Faransa ya koma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da sabuwar tuta. Wanda ya tsara ta, Barthélemy Boganda, ya ɗauko shuɗi da fari daga tutar juyin juya halin Faransa, ya haɗa da kore da ruwan ɗorawa na Afirka, sannan ya ratsa su da ja daga sama har ƙasa, alamar cewa jinin kowa iri ɗaya ne.

Boganda ɗan Lobaye ne, yankin da kamfanonin Turawa suka daɗe suna kora mutane daji tatsar roba da bulala. Shi ne ɗan ƙasa na farko da cocin Katolika ta naɗa fada, a 1938. A Nuwamba 1946 aka zaɓe shi zuwa majalisar dokokin Faransa. Hujjarsa a hannun Faransawan take: su ne a 1789 suka rubuta cewa ana haihuwar mutane 'yantattu, haƙƙinsu ɗaya, shekara 13 bayan Amurkawa sun faɗi makamancin haka suka yakice mulkin Ingila. To me ya hana maganar ta haye teku ta iso bakin kogin Ubangi?

Da ya ga jawabi a Paris ba ya sauke bulala a gida, sai ya kafa jam'iyyar MESAN a Bangui, babban birnin yankin, ranar 28 ga Satumba 1949. Alkawarinta biyar ne, waɗanda manomi zai gane ba sai da tafinta ba: ciyarwa, tufatarwa, magani, ilimi da muhalli. Takenta da harshen Sango, zo kwe zo, yana nufin kowane mutum mutum ne. A zaɓen 1957 ta kwashe kujeru 50 na majalisar yankin gaba ɗaya.

Burinsa ya wuce nan. Ya so a haɗa ƙasashen tsakiyar Afirka a tarayya ɗaya, har sunanta ya aro daga na Amurka, amma maƙwabta irin su Gabon suka noƙe. Ranar 29 ga Maris 1959 ya rasu a haɗarin jirgin sama, bai ga 'yancin kai na 13 ga Agusta 1960 ba.

Magadansa ba su riƙe amanar ba. David Dacko ya mai da MESAN jam'iyya tilo a 1962. Bokassa ya ƙwace mulki a farkon 1966, kuma ranar 4 ga Disamba 1977 ya ɗora wa kansa kambin sarauta, yana kwaikwayon Napoleon, wanda shi ma haka ya yi wa jamhuriyar Faransa a 1804. Sojojin Faransa suka kifar da Bokassa a Satumba 1979.

Duk wannan zamani unguwar Kilomita Biyar, wadda ake ce wa PK5, ita ce kasuwar Bangui. Hausawa, Fulani da 'yan Chadi suna sayar da atamfa, goro, nama da kayan gyaran mota. Amma mutumin da aka haifi kakansa a unguwar, in ya je neman katin ɗan ƙasa da sunan Musa ko Abubakar, sau da yawa sai a nemi ya kawo ƙarin shaida. Abin ya fito fili bayan ƙungiyar 'yan tawayen Seleka, wadda galibin mayaƙanta Musulmi ne, ta kama mulki a Maris 2013 ta tafka ta'asa: mayaƙan sa-kai na anti-balaka, masu adawa da ita, suka huce a kan Musulmi baki ɗaya, dubbai suka tsere Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a PK5, fita kan iya zama ajali.

Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga babban masallacin unguwar. Mako biyu bayan haka, ranar 13 ga Disamba, mutanen PK5 suka fito jefa ƙuri'ar sabon tsarin mulki ana ruwan harsasai, wasu suka rasa rayukansu. Wanda ya yi haka ya fi ƙarfin a tambaye shi ko ɗan ƙasa ne. Tsarin mulkin ya fara aiki ranar 30 ga Maris 2016, amma bai cika shekara takwas ba: a 2023 aka maye shi da wani da ya cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, ya mai da kowane wa'adi shekara bakwai.