Man gyaɗa

Man gyaɗa mai ne da ake tatsowa daga ƙwayar gyaɗa, wadda kusan rabin nauyinta mai ne. Kamar sauran man girki, ginshiƙinsa sinadarin tiraigilisarayid ne, wato ƙwayar gilisarol ɗaya da asid uku na kitse ke maƙale da ita. A cikin asid ɗin, oleyik ya fi yawa, yakan kai kusan rabi, sai linoleyik kimanin kashi 30 cikin 100, sai falmitik kimanin kashi 10. Rinjayen oleyik da linoleyik ne ya sa yake zama ruwa-ruwa a ɗaki, saɓanin man kaɗe da man shanu masu daskarewa.

Bai kai ruwa nauyi ba, ba ya kuma narkewa a cikinsa, shi ya sa yake tasowa saman miya. Wanda aka tace a masana'anta yana jure zafi har wajen digiri 230 kafin ya fara hayaƙi, abin da ya sa ya dace da suyar ƙosai. Na gida, wanda mata ke matsewa su soya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, ya fi ƙamshi nesa ba kusa ba. Iska da hasken rana suna ɓata shi, don haka a rufe ake ajiye shi.